Tawada, marafan kwalba da tarkacen inji: Dattawa uku da suka ɗaga darajar zanen Afirka

A watan Satumban 1975 jami'an tsaron Sudan suka kama wani babban ma'aikaci a Ma'aikatar Al'adu, suka kai shi gidan yarin Kober da ke Khartoum ta Arewa. Zargin da aka yi masa shi ne yana da hannu a yunƙurin kifar da gwamnatin Ja'afar Numeiri. Ba a taɓa gurfanar da shi a gaban alƙali ba, amma sai da ya yi wata shida da 'yan kwanaki a tsare.

A gidan yarin an hana fursunoni riƙe takarda ko abin rubutu, wanda duk aka kama da su sai a kulle shi shi kaɗai. Sai dai abincin da iyalai ke kawowa yakan zo a naɗe cikin takardar buhun siminti, irin wadda ake ƙunshe tsire a nan wajenmu. Mutumin sai ya riƙa yayyaga takardar ƙanana-ƙanana, yana zane a kai da wani guntun fensir da ya ɓoye. Idan ya gama, sai ya binne a cikin yashi kafin gandirobobi su zagayo.

Sunansa Ibrahim El-Salahi. Bayan shekara 38, gidan baje kolin zane na Tate Modern da ke Landan ya ware masa ɗakuna domin nuna aikin rayuwarsa baki ɗaya, karon farko da gidan ya yi wa wani haifaffen Afirka irin wannan karramawa. A lokacin yana da shekara 82.

El-Salahi ɗaya ne daga cikin dattawa uku da duk mai bibiyar zanen Afirka na zamani ba ya rasa jin sunansu. Sauran biyun su ne El Anatsui, ɗan Ghana da ya yi mafi yawan rayuwar aikinsa a Nsukka, da Bruce Onobrakpeya na jihar Delta, wanda ya yi karatu a Zariya. Na farko da tawada yake aiki, na biyu masassaƙi ne, na uku kuma gwanin haɗa abubuwa mabambanta ne a jikin aiki guda. Dukansu sun koyi zane a tsarin Turawa, kuma dukansu ba su yi fice ba sai da suka waiwayi abin da ke zube a gabansu a gida.

Ibrahim El-Salahi: daga allo zuwa kwalin magani

An haifi El-Salahi a Omdurman a 1930. Mahaifinsa malami ne mai makarantar allo, wadda mutanen Sudan ke kira khalwa. A nan yaron ya fara riƙe alƙalami, yana rubutu a allo yana wankewa, kamar kowane almajiri a Kano ko Damagaram.

Ya yi karatun zane a Khartoum, sannan gwamnati ta tura shi makarantar Slade da ke Landan daga 1954 zuwa 1957. Ya dawo gida da hannun da ya ƙware a zanen fuskokin mutane da shimfiɗar ƙasa irin na Turawa.

Da ya shirya baje kolin aikinsa a wani babban otal a Khartoum, jama'a sun zo ranar buɗewa, aka gaisa, aka watse. Daga nan kusan babu wanda ya sake leƙowa. Ya sha ba da labarin yadda abin ya dame shi, har ya kama hanya yana zagaya garuruwan Sudan domin ya ga me mutane ke ratayewa a ɗakunansu. Abin da ya tarar shi ne rubutun Larabci mai ƙawa, da zayyanar alluna, da adon faya-fayan rufe abinci da tabarmi.

Sai ya koma kan harafi. Ya riƙa ɗaukar baƙaƙen Larabci yana miƙar da su, yana lanƙwasa su, yana buɗe cikinsu, har siffar tsuntsu ko fuska ko jinjirin wata ta ɓullo daga ciki. Launukansa ma suka koma na ƙasar Sudan: jar ƙasa, ruwan toka, baƙi da fari. Wannan salo da shi da abokan aikinsa irin su Ahmed Shibrain da Kamala Ibrahim Ishag suka kafa shi ake kira Makarantar Khartoum.

Najeriya na cikin wuraren da suka fara gane darajarsa. A farkon shekarun 1960 an nuna aikinsa a ƙungiyar Mbari da ke Ibadan, dandalin da marubuta irin su Wole Soyinka da Chinua Achebe ke haɗuwa.

Zaman Kober ya sauya yadda yake aiki. Tunda ƙaramar takarda kawai yake samu, sai ya saba da fara zane daga ɗan ƙwaya guda, idan ta cika ya kawo wata takardar ya jona, zanen ya yi ta yaɗo kamar kabewa. Bayan an sake shi aka yi masa ɗaurin talala, a nan ya cika wani littafi da zane-zanen tawada da rubutun abin da ya gani a kurkuku. Littafin yana gidan adana zane na MoMA da ke New York yanzu.

Daga baya ya bar Sudan ya koma Qatar, inda ya yi shekaru kusan 20 yana aikin gwamnati. A wannan zamanin kusan ya ajiye launi gaba ɗaya, sai baƙar tawada a kan farar takarda. Tsakanin 1984 da 1985 ya yi wani katafaren zane mai falle tara da ya sa wa suna The Inevitable, wato abin da ba makawa sai ya faru, wanda ke nuna jama'a sun miƙe da hannuwa a sama suna tunkarar zalunci. A watan Afrilun 1985 boren jama'a ya kawo ƙarshen mulkin Numeiri.

A 1998 ya koma birnin Oxford na Ingila da zama. Can ya fara jerin zane-zane a kan wata bishiya da ake kira haraz a Sudan. Gawo ne. Duk manomi a ƙasar Hausa ya san halinsa: yana kaɗe ganye da damina lokacin da kowace bishiya ke kore, ya yi ganye da rani lokacin da kowa ya bushe. El-Salahi ya ɗauki wannan hali a matsayin misalin mutumin da ke tsayawa a kan ra'ayinsa.

Da tsufa ya kama shi, ciwon baya ya hana shi tsayuwa a gaban babban allo. Sai ya riƙa zama a kujera, yana warware kwalayen magungunan da yake sha, yana zane a bayansu da alƙalami. Ya yi ɗaruruwansu, har da na bayan ambulan. An nuna wasu a Landan da New York, an kuma baje waɗanda ya zana a lokacin kullen korona a babban bikin zane na Venice da ke Italiya a 2022, yana da shekara 91.

El Anatsui: buhun da aka yar a jeji

An haifi El Anatsui a 1944 a garin Anyako da ke yankin Volta na Ghana, cikin ƙabilar Ewe. Shi ne auta a cikin 'ya'ya 32 na mahaifinsa, wanda masunci ne kuma masaƙi. Ya karanci sassaƙa a jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi, inda manhajar ta fi mayar da hankali kan tarihin zanen Turai.

A 1975 ya zo Jami'ar Najeriya da ke Nsukka domin koyarwa, ya zauna a nan har ya yi ritaya a 2011.

Tun farko bai damu da marmara ko tagulla da ake alaƙanta manyan masassaƙa da su ba. Ya fara da farantan katako da mata ke kasa kaya a kasuwa, yana ƙona musu tambari da ƙarfe mai zafi. Ya koma kan yumɓu, yana gina tukwane yana fasa su yana sake haɗawa. Ya yi shekaru yana tsaga katako da zarto mai inji yana babbake shi da wuta, yana kwatanta ɓarnar zarton da yadda Turawa suka yayyanka Afirka a taron Berlin na 1884. Ya yi aiki da tsofaffin turame, da magogin rogo, da marafan gwangwanin madara.

Wajen ƙarshen shekarun 1990 ya ci karo da wani buhu da aka yar a jeji kusa da Nsukka, cike da marafan kwalaben barasa na alminiyam. Ya ɗauka ya ajiye a ɗakin aikinsa, ya daɗe bai san abin da zai yi da shi ba. Daga baya ya gwada daddaƙe marafan, ya huda gefensu, ya ɗinke su da wayar jan ƙarfe. Abin da ya fito ƙarfe ne, amma yana naɗuwa yana zubowa kamar zane.

Aikin ya fi ƙarfin hannu ɗaya. Matasa gommai ne ke zama a ɗakin aikinsa suna yanka, suna naɗewa, suna ɗinki, kowa na haɗa ɗan yanki kamar faɗin dadduma. Shi kuma sai a shimfiɗa masa yankunan a ƙasa, ya yi ta jujjuya su har sai tsarin ya kwanta masa. Aiki guda kan cinye dubban marafai da watanni masu yawa.

Akwai dalilin da ya sa bai gudu daga marafan barasa ba. Barasa na cikin hajar da Turawa suka riƙa saukewa a gaɓar tekun Afirka ta Yamma suna musanye da bayi, bayin kuma a kai su gonakin rake a ƙetaren teku, inda ake sarrafa wata barasar a sake dawo da ita. Mai kallo daga nesa zai ga kamar alkyabbar sarki ce ta zinare. Sai ya matso zai ga sunayen kamfanoni da tsatsa da kaifin gwangwani.

Gidan tarihi na Birtaniya ya sayi biyu daga cikin na farko-farko a farkon shekarun 2000. Amma a 2007 ne duniya ta waiwayo, lokacin da ya lulluɓe fuskar wani tsohon gidan sarauta a Venice da ɗaya daga cikinsu. Yana da shekara 63 a lokacin. A 2015 bikin na Venice ya ba shi lambar Zakin Zinare ta aikin rayuwa, a 2023 kuma ya cika babban zauren Tate Modern da wasu manyan ayyuka uku da ke rataye daga rufi. An sha sayar da aikinsa guda a kan sama da dala miliyan ɗaya a kasuwar gwanjo.

Wani abin da ke ba ma'aikatan gidajen baje koli mamaki shi ne ba ya aiko da umarnin yadda za a rataye aikinsa. Yakan iso a ninke cikin akwati, wanda zai rataye shi ne zai zaɓi inda zai tattare da inda zai saki. Saboda haka aiki ɗaya ba ya fitowa iri ɗaya a wuri biyu.

Bruce Onobrakpeya: ɗalibin Zariya

A cikin ukun, Onobrakpeya ne ya fi kusa da Arewa. An haife shi a 1932 a Agbarha-Otor da ke jihar Delta ta yanzu, ɗan ƙabilar Urhobo, mahaifinsa kuma yana taɓa sassaƙa. A 1957 ya shiga Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Najeriya da ke Zariya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962.

Yawancin malaman sashen zane a lokacin Turawan Ingila ne, abin da suke koyarwa kuma shi ne abin da ake koyarwa a Landan. A 1958 wasu ɗalibai suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya, cikinsu har da Uche Okeke, Demas Nwoko, Yusuf Grillo da Onobrakpeya. Daga baya aka riƙa kiransu 'yan tawayen Zariya. Matsayarsu ita ce a karɓi dabarun zamani, amma kowa ya koma ya haƙo adon gidansu ya haɗa. Okeke ya koma kan zanen uli na matan Ibo, Onobrakpeya ya koma kan tatsuniyoyin Urhobo. Ƙungiyar ba ta wuce shekara uku ba, amma kusan duk tarihin zanen zamani a Najeriya daga kanta ake faro shi.

Bayan Zariya ya koyar a makarantar St Gregory da ke Legas shekaru da dama, yana kuma yi wa littattafai hotuna. Shi ya zana hotunan An African Night's Entertainment na Cyprian Ekwensi, littafin da masu nazari suka daɗe suna nuna kamanninsa da Jiki Magayi.

Dabarar da ta fitar da shi daga kuskure ta samo asali. A ƙarshen shekarun 1960, yana shirya farantin ƙarfe da ake buga zane da shi, sai ya yi amfani da asid ɗin da bai dace ba, farantin ya ciccinye. Maimakon ya yar, sai ya cike ramukan da gam mai ƙarfi irin na liƙin ƙarfe. Da ya buga takarda a kai sai ya ga zanen ya fito da tudu da kwari, abin da bai taɓa samu ba. Daga nan ya gina wasu dabaru nasa na kansa, inda yake zuba siffa, ya lulluɓe ta da fallen ƙarfe mai laushi, ya shafa launi, ta fito kamar tsohuwar tagullar Benin.

Da shekaru suka ja, aikinsa ya tashi daga takarda ya koma haɗe-haɗe. A jikin allo guda za ka ga wuri, duwatsun ado, fata, ƙyalle, fulogin mota, faya-fayan CD da kayan cikin kwamfuta, an jera an liƙe su har sun zama kamar bangon wurin bauta na gargajiya. Ya kuma ƙirƙiri wasu alamomin rubutu nasa da ya kira Ibiebe, yana saka su a ciki.

Bai tsaya a ado ba. A shekarun 1980 ya yi jerin ayyuka a kan mutanen yankin Sahel da barazanar fari da gurgusowar hamada. Bayan rataye Ken Saro-Wiwa da 'yan uwansa takwas a 1995, ya yi wani jerin a kan malalar mai da zubar da jini a yankin Neja Delta. A 1990 an nuna aikinsa tare da na El Anatsui a Venice, a 2024 kuma gidan adana fasahar Afirka na Smithsonian da ke Washington ya shirya masa baje koli shi kaɗai, yana da shekara 91.

Abin da ya fi alfahari da shi yana garinsu. Tun 1998 yake shirya taron bita na shekara-shekara a Agbarha-Otor a lokacin hunturu, inda farfesa da ɗalibi da wanda bai taɓa shiga aji ba ke zama wuri guda suna koyon sassaƙa dutse, bugun zane, rini da ƙira.

Ina ayyukan suke?

Hausawa na cewa da tsohuwar zuma ake magani. Matsalar ita ce zumar ba ta gida.

Manyan ayyukan El-Salahi suna Landan, New York, Sharjah da Doha. Zanen nan mai falle tara yana gidan adana zane na Jami'ar Cornell a Amurka. Ɗalibin zane a Nsukka zai iya wucewa ta ƙofar ɗakin da ake ɗinka marafan El Anatsui, amma idan yana son ya ga manyan ayyukan a rataye, sai ya nemi biza. Kuɗin da ake sayensu ya fi ƙarfin gidajen tarihin gwamnati a nahiyar, kuma kaɗan ne daga cikin gidajen ke da wuta da na'urar sanyaya ɗaki da takarda da tawada ke buƙata domin kada su lalace.

Wanda zai ce da an bar su a gida ya fi, sai ya dubi Sudan. Tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023, an wawashe Gidan Tarihi na Ƙasa da ke Khartoum, masu zane da yawa kuma sun tsere zuwa Alƙahira, Nairobi da Kampala, sun bar aikin shekaru a ɗakunan da ba su san halin da suke ciki ba. Da littafin kurkukun El-Salahi yana Khartoum, Allah kaɗai ya san inda yake yau.

Akwai 'yan wuraren da ke ƙoƙarin cike giɓin. Gidan adana zane na Yemisi Shyllon da aka buɗe a 2019 a Jami'ar Pan-Atlantic da ke Legas yana da ayyukan Onobrakpeya da na El Anatsui, kuma kowa na iya shiga. Amma tafiya ce mai nisa ga yaron da ke Gusau ko Maraɗi.

Abin da ya shafe mu

A Arewa, da yawan iyaye na ɗari-ɗari idan yaro ya ce zai karanci zane, wasu saboda batun sura a addini, wasu saboda ba su ga abincin da ke ciki ba. Rayuwar El-Salahi ta taɓo tambaya ta farko. Ɗan malami ne, mai riƙo da ibada, ya sha faɗin cewa yakan yi alwala ya yi salla kafin ya zauna aiki, kuma harafi da zayyana su ne ginshiƙin abin da ya kai shi inda ya kai.

Kayan aikin da dattawan nan suka dogara da su kuwa babu wanda babu shi a nan. Akwai masu zayyanar allon sauka da ke haɗa tawadarsu da ƙaro da gawayi. Akwai magina masu yi wa bangon soro ado a Zariya da Kano da Damagaram. Akwai dukawa, da masu ɗinkin aska takwas, da maƙeran da ke mayar da gwangwani fitila ko mazurari, da 'yan jari-bola da ke tara irin marafan da El Anatsui ke saye buhu-buhu.

Yawancin gwanayen waɗannan sana'o'i sun manyanta, kuma ba kasafai ake rubuta sunan mai zayyana a jikin allo ko sunan magini a jikin bango ba. Idan aka rushe tsohon soro aka kafa bulo, aikin da sunan duk sun tafi. El-Salahi da El Anatsui da Onobrakpeya sun samu masu ɗaukar hoton aikinsu, da masu rubuta tarihinsu, da masu hira da su tun suna raye, shi ya sa za ka iya rubuta sunansu a wayarka yanzu ka ga abin da suka yi.

Ko su ma ba duka aka tsira da shi ba. Ƙananan zanen da El-Salahi ya yi a takardar siminti, ranar da aka sake shi a 1976 bai fito da su ba. A cikin yashin Kober ya bar su.